Kafin a Shimfiɗa Tayil: Darasi a Kan Gyaran Ban-ɗaki



Tun da damina ta ɗauke aka shiga lokacin gine-gine, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a akwatin saƙo: "Malam, zan fasa tsohon makewayi in yi na zamani, ko akwai abin da shari'a ta ce?" Wasu daga Gesse suke rubutowa, wasu daga Badariya da Gwadangaji, wasu daga Argungu. Galibi abin da mai tambayar yake nufi guda ne, wato ina masai zai fuskanta. Za mu amsa wannan insha Allahu. Sai dai ba ita kaɗai ce mas'alar ba, kuma a ganina ba ita ce mafi nauyi ba.

Mu fara da lura da abin da ya sauya. A gidajen iyayenmu, makewayi yana can ƙuryar gida ne, nesa da ɗakin kwana, nesa da madafa, salga ce da buta, sau da yawa ba ma rufi, rana tana dukan wurin tana busar da shi. Daga 1991 da aka ƙirƙiri jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama babban birni, gari ya buɗe, sababbin unguwanni suka fito, salon gini ya canza. Yau ban-ɗaki ya shigo har cikin ɗaki. Tsakanin masai da dardumar da matarka take salla a kai, ƙofa ɗaya ce tak. Abin da nisa da zafin rana suke yi wa iyayenmu kyauta, mu sai mun yi shi da ilimi da lissafi.

To, maganar alƙibla.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ayyub Al-Ansari, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai biyan buƙata ya fuskanci alƙibla ko ya juya mata baya, kuma ya umarci mutane su juya gabas ko yamma. A nan ne wasu suke tuntuɓe. Na ga wanda ya karanta fassarar hadisin a waya, ya je ya tsaya a kan mai aikin famfo sai an juya masan gidansa gabas, wai yana bin sunna. Ɗan'uwa, tsaya. A Madina aka yi wannan magana, Madina kuwa arewa take da Makka, alƙiblarsu kudu ce. Wanda ya juya gabas ko yamma a Madina ya kauce wa Ka'aba sarai. Mu kuwa fa? Mu da in an ce mutum ya "fuskanci gabas" kowa ya san salla ake nufi? Daga Birnin Kebbi da Argungu alƙibla gabas take, an ɗan karkata arewa da kamar digiri 20. Kenan wanda ya ɗauki lafazin hadisin a garinmu ba tare da fahimta ba, ya faɗa cikin ainihin abin da hadisin ya hana: in ya juya gabas ya fuskance ta, in ya juya yamma ya ba ta baya. Namu shi ne kudu ko arewa. Wannan misali ne mai kyau ga ɗalibai na yadda riƙe lafazi ba tare da sanin wurin da aka faɗe shi ba yake kai mutum ga kishiyar abin da ake so.

Shin hanin ya shafi cikin gini? A nan malamai suka saɓa. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya ba da labarin cewa ya hau saman ɗakin 'yar'uwarsa Hafsa, sai ya hango Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam yana biyan buƙata yana fuskantar Sham, Ka'aba tana bayansa. Wannan ma yana cikin Bukhari da Muslim. Imamu Malik da Imamu Shafi'i suka haɗa hadisan biyu suka ce hanin na fili ne, inda babu abin da ya kare mutum, amma a cikin gini babu laifi. Wasu malaman, daga cikinsu akwai Hanafawa, suka ce hanin ya game ko'ina, kuma shi kansa Abu Ayyub haka ya fahimta, don ya faɗi cewa da suka je Sham sun tarar da makewayai an gina su suna kallon alƙibla, sai su riƙa karkacewa suna neman gafarar Allah.

Abin da nake ba da fatawa da shi: wanda ya sayi gida ko ya kama haya ya tarar da masai yana kallon gabas, babu zunubi a kansa, kada ya fasa gini, kada ya sa wa kansa damuwa. Mazhabar da muka tashi a kanta ta yalwata masa, kuma da hujja ta yalwata. Amma kai da ka riga ka kira ma'aikata, an fasa ƙasa, ba a ɗaura bututu ba tukuna, me zai hana ka fita daga saɓanin malamai? Juya shi kudu ko arewa ba ya cin ko buhun siminti ɗaya in an faɗa da wuri. In kuwa aka bari sai an gama tayil, to ya zama aikin fasa da sakewa. Kuma ku lura, abin dubawa shi ne ƙirjin mai zama da bayansa, ba inda ƙofa take kallo ba. Masan tsugunno mutum yana iya ɗan karkacewa a kansa kamar yadda Abu Ayyub yake yi, na zama kuwa an ɗaure shi da ƙusa, yadda aka dasa shi haka za a yi ta zama har ya tsufa. In ba ka gane kusurwar filinka ba, dubi mihrabin masallacin Juma'ar da ke kusa da kai. Ma'aunin alƙibla na waya yana taimakawa, amma rodi da ƙarafan gini suna ruɗa shi, a fita fili a gwada.

Mai aiki zai ce maka, "Alhaji, ai nan anka saba sa shi, nan bututu ya fi kusa da rami." Gaskiyarsa ta fuskar aikinsa. Kai ne za ka ce a ƙara gwiwa ɗaya da ɗan tsawon bututu.

Sai daɓen ƙasa, wanda kusan ba mai tambaya a kansa, alhali shi ne yake taɓa sallarmu kullum sau biyar. Mutum zai shafe awa biyu a shagon tayil yana zaɓen launi, wannan na Sifen ne, wancan na Chana ne, amma ba zai tsaya minti biyar ya ga ina ruwa yake gangarawa ba. Sai an tare a ga ruwa yana kwanciya a gindin masai, ko yana komowa bakin ƙofa, ko ma yana tsallakowa ya jiƙa kafet. Ruwan da ya kwanta a inda ake fitsari shi ne mai shiga da fita zai taka, ya fantsama a ƙafar wando da gefen zane, a fito da shi har kan darduma. Mun san hadisin Ibn Abbas na kaburbura biyu da Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya wuce ya ce ana yi wa masu su azaba, ɗayansu saboda ba ya kiyaye kansa daga fitsari. Muna karanta shi a kan mai gaggawar tashi bai yi istibra'i ba, kuma haka ne, amma ginin da ya sa kiyayewar ta gagara shi ma yana da nasa kaso.

Gyaran mai sauƙi ne. Wurin wanka da alwala ya ɗan fi wurin masai tudu, ko a sa ɗan dakali tsakaninsu, yadda ruwa zai tashi daga wuri mai tsarki ya gangara zuwa magudana, kada ya taso daga wajen masai ya biyo ta ƙarƙashin mai alwala. Daɓen ban-ɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki. Kuma kafin ka cika wa mai tayil kuɗinsa, cika bokiti ka sheƙa a kowace kusurwa, ka tsaya ka gani. In ruwan ya tafi da kansa, biya shi har da tukuici. In sai an bi shi da tsintsiya, aiki bai ƙare ba.

Wannan ya kawo mu ga masu tambayar ko ya halatta a yi alwala da wanka a ɗakin da masai yake. Ya halatta. Abin da malamanmu suka karhanta shi ne alwala a wuri mai najasa, don gudun fantsama. Akwai hadisi a cikin Sunan da ya hana mutum yin fitsari a wurin wankansa, aka ce yana jawo waswasi, kuma tun a da malamai suka bayyana cewa wannan a daɓen ƙasa ne mai shanye fitsari ya riƙe, amma wurin da aka daɓe da abu mai tauri, ruwa yana bi ya wuce, hukuncinsa daban. Tayil mai gangara mai kyau ya shiga nan. Bisimilla kuwa a yi ta kafin a shiga, ko a zuci. Masu fama da waswasi kuma ku riƙe ƙa'idar da muka karanta tun a Ahalari: in ka tabbata akwai najasa amma kana shakkar ko ta taɓa tufarka, yayyafa ruwa ya wadatar, in kuwa wani ruwa ya taɓa ka, ba ka san ko najasa ne ko ba najasa ba, babu komai a kanka. Kada Shaiɗan ya mayar da kai mai canza wando sau huɗu a yini.

A taƙaice kan kayan aiki: a tabbata kowace magudana tana da gwiwar nan mai riƙe ɗan ruwa, ita ce take toshe wari da kyankyasai daga rami. A sa bututun fitar da iska ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙudaje. A sa famfo ƙasa-ƙasa kusa da masai, ta hannun dama, inda buta za ta zauna. Kuma kada tanki da shawa su sa a manta da buta da bokiti, don duk wanda ya zauna garin nan ya san ranar da ba wuta ba ruwa tana zuwa.

Idan akwai tsoho a gidan, to shi za a fara tambaya kafin mai shago. Tayil mai sheƙi, in ya haɗu da ruwan sabulu, tarko ne. Tsohuwar da ta zame ta karye a ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ta sake tsayuwa salla da ƙafafunta. A sa mai kaushi a ƙasa, mai sheƙin a kai shi bango in ana so. A kafa ƙarfen dafawa. Wanda gwiwa ta hana shi tsugunno a sa masa na zama, babu wani karhanci a ciki, kada wani ya ce masa na Nasara ne. A yi masa ɗan dakalin zama don alwala da famfo daidai ƙafarsa. Wallahi wannan yana cikin bin iyaye, ya fi atamfar Salla amfani a wurinta.

Mai mata biyu kuma, na san ka gane inda zan dosa. Amarya ciki da ban-ɗaki, tayil har sama, da madubi da shawa. Uwargida da 'ya'yanta bakwai suna layi a tsohuwar salga da asuba. Malamai sun yi magana a kan ko wajibi ne a daidaita mata a abin da ya wuce haƙƙin kowacce na ciyarwa da tufatarwa da wurin zama, kuma akwai masu sauƙaƙawa. Amma kai da kanka ka san abin da wannan yake shukawa a zukatan 'ya'ya. In kuɗin na ɗaya ne, rage tsadar kayan a yi biyu.

Yanzu ga mas'alar da na ce ta fi nauyi, ita ce wadda ba a gani: ramin da duk wannan ruwa yake tafiya.

Tsohuwar salga ruwa kaɗan take sha, na buta ne kawai. Masai na zamani kuwa kowane ja ɗaya yana tura lita 6 zuwa 9. Yi lissafi da kanka: gida mai mutum 10, kowa ya ja sau 3 a yini, a lita 6, lita 180 kenan, ban da wanka da wanki. Don kwatance, Anas ya ruwaito cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun Annabi bai kai lita ɗaya ba. Wato ja ɗaya ya fi ruwan wankansa. Ban ce haramun ba ne, tsafta ce ake nema da shi. Abin da nake so a gane shi ne, wannan ruwa mai ɗauke da najasa ba ɓacewa yake yi ba. Yana shiga sokawe, daga nan ya tsatsa cikin ƙasa, ƙasar kuwa ba ta san iyakar fili ba.

Mu kuma a kwarin gulbin Rima muke. Unguwannin da ke kan tudu da sauƙi, amma duk wanda gidansa ya gangara wajen fadama, a Birnin Kebbi ne ko a Argungu, ya san ba a nisa ake tarar da ruwa ba, kuma a watan Agusta da Satumba ruwan ƙasa yana tasowa. Albarkar da ta sa shinkafa take yi mana ita ce kuma take sa rami da rijiya su yi saurin gaisawa. Shekarun ambaliya, irin 2010 da 2020, ramuka da yawa cika suke yi su tumbatsa, abin da ke ciki ya bi ruwa.

Masana lafiyar muhalli suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa, kuma ramin ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. To ga inda gizo yake saƙa. Filin da aka fi yankawa a sababbin unguwanni ƙafa 50 ne a 100, wato kamar mita 15 a 30. Tsawon filin gaba ɗaya shi ne tazarar da ake nema. Me mutane suke yi? Kowa yana nisanta ramin daga tasa rijiyar, ya kai shi jikin katanga. Bayan katangar kuwa rijiyar maƙwabci ce. Ka tsare 'ya'yanka, ka shayar da nasa.

A nan akwai wani abu da nake so ɗalibai su riƙe da kyau. A fiƙihunmu, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza da najasa ba, mai tsarki ne, alwala da shi ta yi. Wannan hukuncin ibada ne, kuma rahama ce. Amma ba shaidar likita ba ce. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari. Ruwa yana iya zama garau, alwala ta inganta da shi, yaro ya sha ya kwana yana amai da gudawa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya taɓa. Saboda haka kada wani ya ce, "Ai na leƙa rijiyar tasa, ruwan bai canza ba." Babin tsarki daban, babin cutarwa daban. Wannan na biyun yana ƙarƙashin ƙa'idar nan da Imamu Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, ta hana cuta da cutarwa.

Kuma kada a zaci sabon abu muka ƙirƙiro. Malaman Malikiyya sun daɗe da rubutu a kan hukuncin gini da maƙwabtaka. Ibnur Rami, wani magini ne a Tunis a ƙarni na 14, alƙalai suna aika shi ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan, har da cutarwar hayaƙi da wari da ramin masai a jikin bangon maƙwabci. A nan gida ma, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalid, a ƙarni na 19, ya tara wa alƙalai mas'alolin da aka fi kawo ƙara a kansu, kuma akwai na gini da haƙƙin maƙwabta a ciki. Ashe kakanninmu a wannan ƙasa sun ɗauki inda za a haƙa rami a matsayin maganar da alƙali yake saurara. Mu ne muka mayar da ita maganar birkila shi kaɗai.

Abin yi, kafin a sa diga: ka yi sallama da maƙwabtanka na dama da hagu da na baya, ka tambayi ina rijiyarsu ko burtsatsensu, ina raminsu. Ba kunya a ciki, kunyar tana ranar da za a zo maka da ƙorafi. In unguwa sabuwa ce, ku haɗu da mai unguwa ku daidaita, ramuka su bi gefe ɗaya, rijiyoyi su bi ɗaya gefen. Inda fili ya ƙi, a kashe kuɗin a kan rami: a gina tankin farko da bulo mai ƙarfi, ɗaki biyu, a shafe shi ciki da gindi yadda ba ya yoyo, ƙazanta ta kwanta a nan kafin ruwan ya wuce sokawe. Kusa da fadama kada a zurfafa, gara a faɗaɗa, a ɗaga bakinsa sama da inda ruwa yake kaiwa. Mai rijiya shi ma da nasa aikin: ya ɗaure ta da siminti, ya ɗaga bakinta, ya yi mata murfi da daɓe kewaye, guga ya daina kwana a ƙasa. In kuɗinka ba za su ɗauki tayil mai tsada da rami mai kyau a tare ba, wallahi ramin za ka zaɓa. Tayil ana iya sakewa baɗi.

In kuwa rijiyar maƙwabci ta riga raminka, kuma ta tabbata naka ne yake ɓata ta, to kawar da cutar a kanka take, ko da kana da takardar fili. Takarda ta ba ka mallakar ƙasa, ba ta ba ka izinin zuba najasa a ruwan wani ba.

Haka ruwan wanka da ake sakowa ta rariya zuwa lungu. Ka gyara ciki ya yi fes, ka fasa katanga ka tura wa jama'a kwata, masu zuwa sallar asuba suna tsalle suna tattare riga, sauro yana hayayyafa a ƙofar maƙwabci. Muslim ya ruwaito gargaɗi a kan mai biyan buƙata a hanyar mutane ko inuwarsu, cewa yana jawo wa kansa tsinuwa. Ruwan wanka bai kai wannan ba, amma a gidan da yara suke fitsari a wurin wanka, faɗa mini me yake fitowa ta rariyar? A yi masa ɗan raminsa daban a cikin gida. Wanda Allah Ya hore wa kuma, ya fitar da ƙaramin makewayi ɗaya ta wajen zaure, don baƙi da masu aiki da almajiran da ke yi wa gidan hidima. Kana hana su shiga ciki, kuma da gaskiyarka, to ina kake so su je in ba jikin katangarka ba?

Ranar da rami ya cika aka kira masu kwashewa, tambaye su ina za su kai. Kada ka ce ai ka biya, sauran ruwansu. Abu Dawud ya ruwaito hani a kan ɓata mashayar ruwa. Gulbin nan da ya ratsa Argungu ya wuce ta Matan Fada ya gangaro Birnin Kebbi, akwai masunta a cikinsa, akwai masu noman rani, akwai ƙauyukan da daga shi suke sha. In mai mota ya kasa gaya maka takamaiman wurin da hukuma ta ware, nemi wani, ko ka tambayi ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukumarku su nuna maka.

Masu tambaya a kan shiga ban-ɗaki da waya mai Alƙur'ani a ciki, da masu haya da mai gida ya ƙi gyara musu rami, na ga saƙonninku, su za mu ɗauka a darasi mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wallahu a'alam.